Wane suna zan sa wa shagon tsofaffin kuɗi a Kumasi?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni ɗan unguwar Aboabo ne. Kakana ya rasu ya bar akwatin ƙarfe cike da tsofaffin sulalla, da kwabbai masu huji, da na zamanin Nkrumah. Shekara biyu ke nan ina sayarwa kaɗan-kaɗan ta WhatsApp da Facebook, ina kuma saye a hannun mutane. Yanzu na sami ɗan shago wajen Adum, ina so in yi rajista. Sunaye uku ne a raina: Royal Gold Coin Exchange, ko Kudi Coins, ko kuwa Amana Ventures. Wanne ya fi?

Amsa:

Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, ya sa albarka cikin abin da ya bari. Cikin ukun nan babu wanda zan yarda a rubuta a goshin shagona. Na farkon kuwa, wanda na san shi ya fi kwanta maka a rai tunda shi ka fara ambata, shi ya fi sauran haɗari. Kalmomi huɗu ne a cikinsa, kowace da irin baƙon da za ta jawo maka.

Amma bari in fara da abin da masu shigowa wannan sana'a ba su cika lura da shi ba. Kai mai saye kake tunani, alhali ba allonka ne zai kawo shi ba. Mutumin da ke tara kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa, ko a Landan yake ko a Akra, hoto yake kallo: wace shekara ce a jiki, an goge ko ba a goge ba, akwai ɗan harafin H ko KN da ke nuna wace ma'aikatar Birmingham ce ta buga shi. In kayan sun yi masa, ko ba ka da suna zai saya. Wahalar sana'armu samun kaya ce. Ba a odar kwabo mai huji daga Dubai ko Sin. Yana can ƙarƙashin gadon wata tsohuwa a Asawase, cikin gwangwanin madara, tare da carbin maigidanta da ya rasu. Ranar da ta yanke shawarar rabuwa da shi, allonka ne zai sa ta shigo, ko ta wuce ta kai wa masu sayen tsohon ƙarfe a auna mata a sikeli. Don ita ake zaɓen sunan. So ake ta gani, ko jikanta ya karanta mata, ta gane abu biyu: a nan ana sayen kuɗin da aka daina kashewa, kuma mai shagon ɗan wane ne, in ya cuce ta ta san gidan da za ta kai ƙara.

To mu ɗauki sunanka na farko daga wutsiya.

Exchange. Wannan na ɗanɗana da kaina. Allona na farko yana da wannan kalma, don a lokacin na ga kamar ta fi nauyi. A watan Yuli na 2007 aka sauya kuɗi, tsohon sidi 10,000 ya koma sidi ɗaya, aka ce mutane su kai tsofaffin banki a musanya musu. Ka zo ka ga abin da ya faru a ƙofar shagona. Mata da ledoji cike da 'yan 200 da 'yan 500 na ƙarfe, suna cewa in canza musu. Direbobin da suka sauko daga Bawku da sefa. Wani da naira. Ina bayani har muryata ta dushe, wasu su tafi suna zagi, wai na rubuta canji kuma ba na canji. Daga baya wasu jami'ai suka zo suna tambayar lasisina na canjin kuɗin waje, wanda ban taɓa nema ba tunda ba aikina ba ne. Sun tafi ba tare da wata matsala ba bayan sun ga kayan, amma na yi asarar allo da littattafan rasit da na riga na buga. A ƙasar nan canjin kuɗin waje sai da lasisin Babban Bankin Ghana, dokar 2006 ta faɗi haka. Kai kuma Bahaushe ne, shagonka ba nisa da Alabar, inda kowa a Kumasi ya san ana zuwa neman dala. Tun kafin ka buɗe baki an ɗauke ka ɗan canji. Kada ka ƙara musu hujja da hannunka. Haka ma kalmar Canji ta Hausa, da Bureau, duk hanya ɗaya suke bi.

Gold ta fi wannan muni, kuma ta fuska uku. Tun 2025 da aka kafa hukumar GoldBod, saye da sayar da zinariya a Ghana sai da lasisinta, kuma ba wasa ake da zancen ba. Ka rubuta zinariya a allo ba ka da takarda, ka gayyato tambayoyin da ba ka shirya musu ba. Na biyu, mutane ba su manta da Menzgold ba, kamfanin harkar zinariya wanda hukumar kula da hannun jari ta umarta ya dakatar da harkarsa a Satumban 2018, kuɗin jama'a masu yawa suka maƙale. Tun daga nan, ɗan Ghana in ya ga saurayi da sabon shago da Gold a sunansa, sai ya dafe aljihu. Na uku shi ne wanda ke hana ni barci: ɓarawo ma ya iya karatu. Akwatin kakanka tagulla ce da farin ƙarfe, sai ɗan abin da ba a rasa ba na azurfa, wato sulallan 1913 zuwa 1920 masu hoton bishiyar kwakwa. Wanda ya shigo maka da bindiga saboda allo ba zai tsaya jin wannan bayanin ba. In wata rana Hajiya ta kawo maka sisin gwal na sadakinta tana so ta sayar, ka fara tambayar hukumar matsayinka kafin ka taɓa, amma ko ka sami izini kada ka yi shelarsa a bakin titi.

Royal kuwa, ka tuna a garin wa kake zaune. A Kumasi sarauta tana da mai ita, yana fadar Manhyia. A Disamban 2021 an ƙaddamar da tsabar zinariya ta girmamawa mai hoton Otumfuo, sarkin Asante, sannan a Satumban 2024 Babban Banki ya fito da tasa tsabar zinariyar da ake saye ta bankuna. Duk Batone, wato ɗan ƙabilar Asante, da ya ga Royal Gold Coin a Adum zai ɗauka kana da alaƙa da ɗayan biyun. Mu 'yan Zango kakanninmu sun zauna lafiya da Tonawa ne don sun san iyakarsu. Kalmomi irin su National, Mint da Bank su ma ka bar su. Ta ƙarshen doka ce ma ta keɓe ta ga masu lasisin banki, sauran kuma ofishin rajista na iya ƙin sunan da zai sa a zaci na gwamnati ne.

Saura Coin. Da ita ce kalmar da ba ta da laifi, yanzu zamani ya ɓata ta. Rubuta Kudi Coins a Facebook ka ga waɗanda za su fara yi maka magana: samari masu tambayar nawa kake sayen Bitcoin. Maganinta sauƙi ne da shi, kada ta tsaya ita kaɗai. Old Coins ba ta da ruɗani, ko yaron makaranta ya gane.

Kudi ɗin kanta tana da daɗin faɗa, kuma tana daga cikin kalmominmu da Batone da ɗan Ga duk suka ara. Matsalarta ita ce kuɗin yau take nufi. Manhajojin ba da rance da na tura kuɗi sun riga sun yi mata rubdugu, kai ba za ka fito a bincike ba sai a shafi na goma. Ka lura kuma, duk sunan da ke da ɗ ko ƙ, a takardar rajista da MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ƙugiyar za ta faɗi. Mu nan ba ma damuwa, tunda ko a baki da yawanmu ba ma furta ta, amma ka duba me kalmar za ta koma in ta faɗi kafin ka ƙulla.

Amana Ventures ba ta da haɗari, sai dai ba ta ce komai ba. Daga Aboabo zuwa Sawaba ka ƙirga shagunan Amana, da Albarka, da Nasara: mai siminti, mai kayan ɗinki, mai shirya tafiya Umara. Tsohuwar nan tamu za ta wuce ba ta san ita ake jira ba. Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da sana'armu. Suna linzami ne, kuma wannan linzamin yana da nauyi ga wanda bai gama sanin kaya ba. Ɗauki liyari, azurfar nan mai hoton Maria Theresa da fatake suka yi ciniki da ita a ƙasar Hausa. Kusan duk wadda za ta zo hannunka 1780 ne a jikinta, don bayan rasuwar matar an ci gaba da bugawa da wannan shekarar har zamaninmu. Ga kuma na jabu da ba azurfa ba ne. Shekara biyu a sana'a, wata rana sai ka sayar da sabuwa a matsayin tsohuwa ba da niyya ba. Kowa ya taɓa yi, ni ma na yi. In sunanka na yanka ne a allo, ka mayar da kuɗi ka ba da haƙuri, magana ta mutu. In ka kira kanka Amana, sai a mai da kai abin ba'a a majalisa. Amana a bakin mutane ake jin ta, ba a fentin allo ba. Sunayen Allah kuwa ban ba da shawara ko kaɗan, don rasit takarda ce, gobe ka gan ta an ƙunshe gyaɗa a ciki ko tana kwata.

Wani rukunin da zan hana ka tun ba ka ambata ba shi ne su Taska, Sa'a, Arziki, Treasure, Rare. Waɗannan suna kiran mutum iri biyu. Akwai wanda aka gaya masa kwabo mai huji yana shiga aikin asiri na neman dukiya, ya zo yana yi maka raɗa. Ba ka son a haɗa shagonka da zancen sakawa, wato damfarar intanet da ake haɗawa da tsafi. Akwai kuma wanda ya kalli wani bidiyo ya yarda kwabonsa zai saya masa gida. Wanda aka fi kawo mini da wannan buri shi ne na 1936 mai sunan Edward na 8, sarkin da ya sauka daga gadon sarauta a shekarar da ya hau. Labarin gaskiya ne, kwabon ma na gaske ne, amma an buga shi da yawa ƙwarai, kuɗinsa ba wani mai yawa ba ne. In allonka ya yi masa alkawarin taska, ka faɗi farashin gaskiya, sai ya fita yana cewa ka so ka cuce shi.

To ina za a nemo suna? Wuri na farko da hankali ke zuwa shi ne tsofaffin sunayen kuɗi na bakin kakanninmu, kuma ina son wannan hanyar, don tsohuwa na jin ɗayansu ta san zancen da ake. Sai dai kowanne ka juya shi ka ga bayansa.

Sisi yana da daɗi a Hausa. A Twi kuwa, yaren Tonawa, sisi cuta ce, a zalunci mutum a ciniki. Ka yi tunanin wannan a allon ɗan kasuwa a tsakiyar Adum. Dala, wato sule biyu, yau kowa kuɗin Amurka zai ji, ka koma gidan jiya na 'yan canji. Sule za a ɗauka sunanka ne, a riƙa sallama ana neman Malam Sule. Anini shi na fi ƙauna a duk cikinsu, kuma na daɗe ina jin haushin rashin amfaninsa. Ɗaya bisa goma na kwabo, an fara buga shi a 1907 da alminiyam, da huji a tsakiya, da tauraro mai kusurwa shida, da rubutun Larabci a jiki. Babu kuɗin da ya fi shi kama da namu. Amma rubuta Anini a Google ka gani: Lawrence Anini ne zai fito, ɗan fashin da ya addabi birnin Benin na Najeriya har aka harbe shi a 1987. Abokan cinikinka na Legas da Kano ba za su rasa tunawa ba. Ga shi kuma a Hausa ba a kiran anini sai wajen faɗin talauci, a ce wane ba shi da ko anini.

Taro ya fi su tsira. Kwabo uku ne, kuma ɗan'uwansa tro na yaren Ga shi ya haifi sunan trotro, ƙananan motocin haya na Ghana, don kuɗin motar ke nan a da, saboda haka ko wanda ba Bahaushe ba yana da labarin da zai riƙe. A rubuce kuma ya yi daidai da taro na tarawa, wanda shi ne aikin abokan cinikinka. Wuri ma yana da tushe mai kyau. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, sunan sidi ma daga sunan wuri ya fito a yaren Akan, shi ya sa ka ga hotonsa a tsohuwar 200 ta ƙarfe. Sai dai a rubuce ba a bambanta shi da wuri na zama, don haka ni a ganina ya fi kyau a zana shi a matsayin tambari a kan a rubuta shi. Wani zai ce maka ka sa Ackey, azurfar da aka buga wa Gold Coast a 1796 da 1818, don masana su san ka yi karatu. Ka sani kamfanin Turawan da ya buga ta shi ke riƙe da ganuwoyin bakin teku a zamanin cinikin bayi. Ka sayar da ita in Allah ya kawo maka, amma ban ga dalilin ɗaukar sunanta ba.

Abin da zan yi da ni ne kai shi ne in sa sunan kakan nan. Duba manyan gidajen wannan sana'a a duniya: Spink na Landan da ke lissafin asalinsa daga 1666, Baldwin tun 1872, Stack's na New York tun shekarun 1930. Sunayen iyali ne duka. Sana'ar da mai saye ba zai iya tabbatar da kaya da idonsa ba sai ya jingina da maganar mai sayarwa, dole a san mutumin da ke bayan maganar. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Fataken goro da suka riƙa zuwa Salaga, daga baya Kumasi, ba allo suke nema ba, gidan maigida wane suke tambaya, shi ke saukar da su, shi ke tsaya musu a ciniki da bashi. Tsohuwar Asawase mai yiwuwa ta san kakanka, ko mijinta ya yi sallah sahu ɗaya da shi. Babu kalmar Turancin da za ta saya maka wannan.

Sharaɗi ɗaya: sunan ba naka ba ne kai kaɗai. Ka zauna da baffanninka da gwaggwanninka ka nemi izini, kuma tunda zancen ya zo, ka tabbata akwatin nan an raba gadonsa ko magada sun yafe maka a gaban shaidu. Na ga shagon da ya rufe ba don rashin ciniki ba, sai don ranar da ya fara kawo riba 'yan'uwa suka tuna da sunan ubansu a allo. In an sami saɓani, ka sa sunanka, ko ka ɗauki Taro.

A ƙarƙashin sunan sai layi ɗaya mai faɗin aikin: Old Coins & Notes. Kada ka tsaya a tsaba kaɗai, don wanda ya kawo maka sulallan 1958 masu kan Nkrumah, cikin gwangwanin nan za ka tarar da takardar sidi ta 1965, da kan sarki na wasiƙa, da lambar yabon kakan da ya yi yaƙin Bama. Duk za ka saya, duk suna da masu nema. Wata rana ma a kawo maka ma'aunan garin zinariya na Tonawa, waɗanda fitar da tsofaffinsu waje sai da takardar hukumar gidajen tarihi. Sai layi na uku da manyan baƙaƙe: MUNA SAYEN TSOFAFFIN KUƊI, da fassararsa a Twi, wadda za ka ba Batone ya rubuta maka, ba kai ba. Wannan layin shi zai ciyar da kai. Kalmar Numismatics, wato ilimin kuɗi da tara su, ka ajiye ta a bayanin shafinka na intanet don masu bincike daga waje, a kasuwar Kejetia ba mai iya furta ta.

Kada ka sa Adum a sunan. Mai gida zai nemi kuɗin shekara biyu gaba ɗaya, in wa'adi ya cika ya ninka, ka koma Asafo da sunan unguwar da ka bari. 'Yan babbar kasuwa ma da suka shekara talatin a rumfa ɗaya an tashe su da aka zo sabon gini.

Kafin rajista, ka gwada sunan a bakin mutum uku. Ka faɗa wa mai pragya, wato keken haya mai ƙafa uku, sau ɗaya cikin hayaniya ka ji ko zai maimaita daidai. Ka faɗa wa wata 'yar kasuwa Batoniya ka kalli fuskarta, in ta yi murmushin da ba ka gane ba, tambaye ta dalili. Ka kira wani a waya ka ce ya rubuta maka shi ba tare da ka jero masa baƙaƙen ba. Sannan ka bincika shi a Google da Facebook da Instagram, ka kama sunan a duk inda kake ciniki a rana ɗaya.

Rajistar kanta a ofishin rajistar kamfanoni ake yi, wato ORC, suna da reshe a Kumasi. Za su fara binciken suna su ga ko wani ya riga ka ko akwai mai kama da shi, don haka ka je da biyu ko uku a jere. Ka tafi da Ghana Card ɗinka. Ga mai shago shi kaɗai rajistar sunan kasuwanci ta isa, ba sai ka buɗe kamfani ba, amma ana sabunta ta kowace shekara, kada ka manta. Ka sani kuma wannan takardar ba ita ce ke kare tambarinka ba, rajistar alamar kasuwanci daban take, za ka iya barinta sai kafa ta tsaya. Da takardar ta fito, ka buɗe MoMo na 'yan kasuwa da asusun banki da wannan sunan harafi da harafi. Mai saye daga nesa in ya zo turo kuɗi ya ga sunan da ya fito a wayarsa ya saɓa da na shafinka, fasawa yake yi, kuma ba zai gaya maka dalili ba. Mai fenti da mai buga rasit su ne na ƙarshe, kada ka ba su ko pesewa sai takardar tana hannunka.

In ka zauna da baffannin naka, ka turo mini abin da kuka tsayar. Kafin nan, na ga hotunan da kake sawa, wasu kwabban suna ƙyalli fiye da yadda ya kamata. In toka da lemon tsami kake goge su da shi, ka daina daga yau. Wannan duhun da ke jikinsu shi masu saye ke biya, wanda aka goge kuwa rabin kuɗinsa ma da ƙyar.